Jami'ar da ta daina ɗora wa ɗalibai laifi: Yadda ake jagorantar gyara a harabar jami'a

Alƙaluman shekarar 2003 sun nuna cewa cikin kowane ɗalibai 100 da suka fara karatun digiri a Jami'ar Georgia State da ke tsakiyar birnin Atlanta na jihar Jojiya a Amurka, 32 ne kacal ke kammalawa cikin shekara shida. Sauran kuwa, wasu sun sauya makaranta, wasu suna nan suna jan ƙafa, da yawa kuma sun koma gida da bashin karatu a wuya, babu takardar shaida a hannu. A tsakanin ɗalibai baƙar fata, masu kammalawa kashi 29 ne cikin 100.

Bayan kimanin shekara 15, adadin masu kammalawa ya haura kashi 50 cikin 100, kuma tazarar da ke tsakanin baƙar fata da farar fata, da wadda ke tsakanin 'ya'yan talakawa da na masu hali, ta gushe. Jami'ar ba ta tsaurara sharuɗɗan shiga ba domin ta tace haziƙai kaɗai. Hasali ma ƙofarta ƙara buɗewa ta yi, inda yawan ɗalibanta masu cin tallafin da gwamnatin tarayya ke bai wa 'ya'yan marasa galihu ya tashi daga kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa fiye da rabi. Duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da gwamnatin jihar ke zaftare kuɗin da take bai wa jami'o'inta, bayan karayar tattalin arziƙin duniya ta 2008.

Shi ya sa sunan wannan jami'a ba ya rasa fitowa a duk inda masana ke tattauna yadda ake inganta aiki a manyan makarantu. Tarihinta ma ya ƙara wa labarin armashi: a 1913 aka kafa ta a matsayin makarantar dare ta koyon kasuwanci, kuma sai a 1962 ta fara karɓar ɗaliba baƙar fata. Yau tana cikin jami'o'in da suka fi yaye baƙar fata masu digirin farko a faɗin Amurka.

Daga masana'anta zuwa aji

Tunanin inganta aiki ta hanyar aunawa da gwaji a masana'antu aka haife shi. A 1924 wani masani mai suna Walter Shewhart da ke aiki da kamfanin wayar tarho na Bell ya fito da hanyar bin diddigin kurakuran da ake samu a kayan da ake ƙerawa. Wanda ya yaɗa tunanin a duniya shi ne W. Edwards Deming, masanin ƙididdiga, wanda a 1950 ya je Japan ya koyar da injiniyoyi da shugabannin kamfanoni. Jigon koyarwarsa shi ne mafi yawan kurakuran da ake gani a wurin aiki daga tsarin aikin suke fitowa, kuma shugabanni ne ke da ikon sauya tsari, don haka zagin ƙaramin ma'aikaci ba ya gyara komai. Hanyar da ya ɗora mutane a kai mai sauƙin faɗa ce: a tsara ƙaramin sauyi, a gwada shi, a auna abin da ya haifar, sannan a gyara a sake zagayowa.

Amurkawa ba su waiwayi ɗan ƙasarsu ba sai a 1980, lokacin da motoci da kayan lantarkin Japan suka mamaye kasuwanninsu. A 1987 majalisar dokokin ƙasar ta kafa lambar yabo ta Malcolm Baldrige domin kamfanonin da suka yi fice wajen inganci. Daga nan guguwar ta isa jami'o'i. Jami'ar Oregon State ta fara gwaji a ƙarshen shekarun 1980, Jami'ar Wisconsin da ke Madison kuma ta buɗe ofishin inganta aiki a 1990, zamanin shugabancin Donna Shalala. A 2001 Jami'ar Wisconsin-Stout ta zama jami'a ta farko da ta karɓi lambar Baldrige.

Sai dai a mafi yawan wurare abin bai yi ƙarko ba. An samu nasara a ofisoshin kuɗi da na gine-gine da na rajista, inda aiki ke kama da na kamfani, amma da aka tunkari aji sai malamai suka ja daga. Da yawansu sun ji haushin yadda ake kiran ɗalibi abokin ciniki, kamar dai ilmi haja ce a kan teburin ɗan tireda. A 2000 Robert Birnbaum, wanda shi kansa ya taɓa shugabantar jami'a, ya fitar da littafi sukutum a kan irin waɗannan dabaru da jami'o'i ke arowa daga kamfanoni, su yi ta yayinsu na ɗan lokaci, sannan su yar. Wannan tunani na inganci yana cikin waɗanda ya lissafa.

Wa ke da ikon bai wa farfesa umarni?

Dalilin wannan cikas yana cikin yadda aka gina jami'a. A kamfani, manaja ya ce a yi, a yi. A jami'ar Amurka kuwa, abin da ake koyarwa da yadda ake koyar da shi yana hannun malamai da majalisarsu, kuma farfesan da aka tabbatar masa da kujerarsa ba a iya sallamarsa don ya ƙi jin maganar shugaba. Kowace tsangaya tana da shugabanta, da kasafinta, da kishin iyakarta. Wanda aka ɗora wa jagorancin gyara yakan samu kansa da nauyi mai yawa da iko ɗan kaɗan.

Mutumin da ya ja ragamar aikin a Georgia State, Timothy Renick, bai karanci gudanarwa ko kasuwanci ba. Farfesa ne a fannin nazarin addinai, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Princeton, kuma ya shafe fiye da shekara 20 yana koyarwa a jami'ar kafin a miƙa masa harkokin ɗaukar ɗalibai a 2008. Wannan ya yi masa rana. Idan ya tashi a gaban majalisar malamai, ɗan gida ne ke magana, wanda ya san wahalar duba takardun jarrabawa, ba baƙon da aka ɗauko haya daga kamfanin ba da shawara ba.

A 2009 Mark Becker, masanin ƙididdiga, ya zama shugaban jami'ar. Shekara biyu bayan haka jami'ar ta amince da sabon kundin manufofi wanda ya sa nasarar ɗalibai, ko daga wane irin gida suka fito, a matsayin manufa ta ɗaya. Rubuta manufa a takarda abu ne da kowace jami'a ta iya. Abin da ya bambanta wannan shi ne an tattara ofisoshin da ɗalibi ke yawo a tsakaninsu, wato na ɗaukar ɗalibai, da na rajista, da na tallafin kuɗi, da na masu ba da shawara, an sa su ƙarƙashin mutum ɗaya. Kafin nan kowane ofishi nasa ɓangaren kawai yake gani, kuma kowa na iya rantsuwa cewa ya yi aikinsa daidai, alhali ɗalibin ya faɗa ramin da ke tsakanin ofishi da ofishi.

Tambayar da Renick ya riƙa maimaitawa a gaban abokan aikinsa ita ce: anya ba mu ne matsalar ba? An saba a ce yaran sun zo daga sakandare marasa kyau, ko iyayensu ba su yi boko ba, ko suna aiki dare da rana don su ci abinci. Duk gaskiya ne, amma babu wanda jami'a ke iya sauyawa a ciki. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ke hannun jami'a shi ne nata dokokin da nata ofisoshin, kuma nan aka sa ido.

Ɗalibai dubu da ake sallama kowane zango

Abin farko da binciken ya bankaɗo abin kunya ne. Dokar jihar ta hana ɗalibi ci gaba da zama a aji idan bai cika kuɗin makaranta ba, don haka kowane zangon karatu jami'ar kan soke rajistar ɗalibai kimanin dubu. Da aka duba sunayen, sai aka tarar da yawansu 'yan ajin ƙarshe ne, makinsu lafiya lau, tallafinsu ne ya ƙare ana dab da kai gaci. Abin da ake bin wasu bai wuce dala 300 ba.

A 2011 Becker da mai ɗakinsa suka ba da gudummawar dala 40,000 aka fara biya wa irin waɗannan ɗalibai cikon kuɗin. Ba a ce su cike takardar neman taimako ba, saboda wanda ya fi buƙata shi ne ya fi jin nauyin roƙo. Ma'aikata ne ke duba rajista su gano wanda ya cancanta, su zuba kuɗin a asusunsa, sannan a kira shi a sanar da shi, tare da sharaɗin ya zauna da mai ba da shawara kan harkar kuɗi. Matsakaicin abin da ake bai wa mutum ɗaya ya kai kimanin dala 900. Dubban ɗalibai sun amfana, kuma mafi yawansu sun kammala.

A nan akwai wata dabara da duk mai jagorantar gyara ya kamata ya lura da ita. Renick bai tsaya ga jawo tausayin masu riƙe da lalitar jami'a ba, lissafi ya kai musu. Ɗalibin da aka kora saboda dala 900 ya tafi da dubban dalolin da zai biya a zangon da kuma na gaba. Jami'ar ta ƙiyasta cewa duk ƙarin kashi ɗaya cikin 100 na ɗaliban da suka ci gaba da karatu yana kawo mata kimanin dala miliyan uku a shekara. Da aka ga kwalliya na biyan kuɗin sabulu, neman kuɗin gyara na gaba bai yi wuya ba.

Haka aka bi darasin lissafi na shekarar farko, wanda kashi 43 cikin 100 na masu ɗaukarsa ke faɗuwa, ko su sha da ƙyar, ko su janye. Aka rage lacca, aka mayar da ɗalibai ɗakin kwamfuta suna warware lissafi da kansu, malamai na zagayawa a tsakaninsu. Faɗuwa ta ragu sosai ba tare da an sauƙaƙa jarrabawa ba. Sababbin ɗalibai kuma aka riƙa haɗa su rukuni-rukuni na mutum 25 masu sha'awar fanni iri ɗaya, suna shiga azuzuwa tare, domin kada yaro ya ɓace a cikin dubbai.

Alamomi 800

Aikin da ya fi yin suna shi ne wanda aka ƙaddamar a 2012. Jami'ar, tare da kamfanin EAB, ta tattara bayanan ɗalibanta na shekara goma, ciki har da maki miliyan biyu da rabi, aka tace su domin gano abubuwan da kan faru kafin ɗalibi ya bar makaranta. Aka fitar da alamomi kusan 800. Kowane dare kwamfuta na bin rajistar kowane ɗalibi, kuma da zarar alama ta bayyana sai saƙo ya je wa mai ba shi shawara, wanda ake so ya neme shi cikin sa'o'i 48.

Wasu alamomin ƙanana ne, kamar ɗalibi ya yi rajistar kwas ɗin da ba ya cikin waɗanda digirinsa ke buƙata, kuskuren da a da ba a gane shi sai bayan an ɓata kuɗi da wata huɗu. Wasu kuma sun ba malamai mamaki. An gano cewa ɗaliban kimiyyar siyasa da suka samu A ko B a kwas na farko na fanninsu, kusan uku cikin huɗu suna kammalawa, amma waɗanda suka samu C, ɗaya cikin huɗu ne kawai. A tsohon tsari mai C ya ci jarrabawa, babu wanda zai ce masa uffan, sai ya kai shekara ta uku abubuwa su rikice masa.

Masu ba da labarin wannan aiki sun fi son ambaton kwamfuta, amma a ganina abin da ya fi nauyi shi ne wanda ba a cika faɗa ba: jami'ar ta ɗauki sababbin masu ba da shawara 42 a lokaci guda. A da mutum ɗaya na kula da ɗalibai kusan 700, aka mayar da shi kusan 300. Aka wayi gari ana yin zaman ido da ido fiye da 50,000 a shekara sakamakon waɗannan alamomi. Alamar da ta fito babu mai ɗaga waya ya kira yaro, ba ta da amfanin komai.

A 2016 aka waiwayi wata ɓarakar. Kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka bai wa gurbi, suka kuma amsa cewa suna zuwa, ba sa bayyana ranar buɗe makaranta. Takardun neman tallafi, da shaidar rigakafi, da sauran cike-cike ne ke kayar da su a lokacin hutun bazara, musamman waɗanda babu wanda ya taɓa shiga jami'a a gidansu. Iyaye baƙi da ke da 'ya'ya a makarantun Amurka sun san wannan ciwon kai. Jami'ar ta fito da manhajar da ke amsa tambayoyi ta saƙon waya dare da rana, aka sa mata suna Pounce, sunan damisar da ke alamar jami'ar. A bazarar farko ta amsa saƙonni kimanin 200,000. Masu bincike biyu, Lindsay Page da Hunter Gehlbach, sun raba ɗaliban gida biyu ta hanyar ƙuri'a don auna tasirinta, suka tarar ta rage yawan masu ɓacewa da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Idan aka bi lamba aka bar ɗalibi

Aunawa tana da nata haɗarin, domin duk lambar da aka ɗora martabar shugaba a kanta, za a samu mai neman gajeriyar hanya. A 2016 jaridar ɗaliban Jami'ar Mount St. Mary's da ke jihar Maryland ta fallasa shirin shugaban jami'ar, Simon Newman, wanda ya fito daga harkar zuba jari. Ya so a gano sababbin ɗalibai 20 zuwa 25 da ake ganin ba za su kai labari ba, a lallashe su su tafi tun kafin ranar da ake ƙirga ɗalibai, domin kada tafiyarsu ta ɓata alƙaluman jami'ar. Da malamai suka ƙi, aka sallami wasu. Malaman suka kaɗa ƙuri'a 87 da 3 suna neman ya sauka, kuma a ƙarshen Fabrairun shekarar ya yi murabus. Lamba ɗaya ce shi da Georgia State suke nema, wato yawan ɗaliban da suka ci gaba da karatu.

Manyan jami'o'i ma ba su tsira ba. A 2022 wani farfesan lissafi na Jami'ar Columbia, Michael Thaddeus, ya nuna cewa alƙaluman da jami'arsa ke miƙa wa mujallar da ke jera jami'o'in Amurka ba daidai ba ne. Jami'ar ta amsa cewa akwai kuskure, kuma ta faɗo daga matsayi na biyu zuwa na 18.

Ita kanta Georgia State ba ta rasa masu suka ba. Akwai masu fargabar cewa idan kwamfuta ta ce wa yaro fannin da yake so ya fi ƙarfinsa, za a riƙa karkatar da 'ya'yan talakawa zuwa fannoni masu sauƙi da ƙarancin albashi, tunda hasashen daga tarihin da ke cike da rashin adalci aka ciro shi. Jami'ar na amsawa da cewa yawan baƙar fata masu kammala fannonin kimiyya ƙaruwa ya yi. Wasu kuma na tambayar ko ya dace makaranta ta riƙa bin sawun ɗalibi haka. Sannan ko da duk wannan nasara, fiye da huɗu cikin kowane ɗalibai goma ba sa kammalawa a cikin shekara shidan.

Duban baƙo da gyaran mai gida

Mai karatu da ya yi jami'a a Afirka ta Yamma zai fi sanin inganci ta fuskar tawagar tantancewa. A Najeriya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fara tantance kwasa-kwasai a 1990, Ghana ta kafa tata hukumar a 1993, Birtaniya kuma ta kafa hukumar QAA a 1997. Irin wannan dubawa tana da amfaninta, domin ita ke hana a buɗe tsangayar likitanci babu asibitin koyarwa. Amma baƙo ne ke zuwa bayan 'yan shekaru ya yi kwanaki ya tafi, kuma an daɗe ana zargin cewa wasu makarantu kan aro malamai da kayan aiki, su yi fenti, su yi kitso da ƙwarƙwata har tawaga ta wuce.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayoyi irin su kwana nawa ake ɗauka kafin sakamakon jarrabawa ya fito, ko takardun ɗalibai nawa suka ɓace a zangon da ya wuce, ko wata nawa tsohon ɗalibi ke jira kafin a aika masa da kundin makinsa, ba sa buƙatar manhaja mai tsada. Mutum ɗaya mai iko da littafin rajista ya isa ya fara ƙirga su. Binciken da ya gano ɗalibai dubu da ake sallama a Atlanta ma, jerin sunaye ne kawai wani ya zauna ya karanta.

Ko za a iya kwafar abin da Georgia State ta yi? An gwada. A 2014 manyan jami'o'in gwamnati 11 na Amurka suka kafa ƙawance, kuma da tallafin ma'aikatar ilmi ta tarayya suka gudanar da gwaji a kan ɗalibai kimanin 10,000 'ya'yan marasa galihu da waɗanda iyayensu ba su yi jami'a ba. Aka raba su ta ƙuri'a, rabi aka ba su masu ba da shawara da ke bin sawunsu irin na Atlanta. Da aka haɗa sakamakon jami'o'in baki ɗaya, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. A Georgia State ne aka ga tasiri a fili, inda dama ofisoshin suna ƙarƙashin inuwa ɗaya, bayanai na hannu, shugabanni kuma sun shekara da shekaru suna kan aikin. A wasu jami'o'in an sha fama da sauyin shugabanni da na ma'aikata, da kuma tsangayoyin da ba su yarda a taɓa musu nasu masu ba da shawara ba.

Becker ya sauka daga shugabanci a 2021 bayan shekara 12. Renick kuwa ya koma jagorantar wata cibiya da jami'ar ta kafa domin taimaka wa sauran makarantu. Abin da cibiyar ke fara yi idan wata jami'a ta nemi taimakonta shi ne ta karɓi bayanan ɗalibanta da dokokin ofisoshinta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta nuna mata wuraren da ita da kanta take tare wa ɗalibanta hanya.